TF-CBT Web: darasin intanet na jinyar firgicin yara, abin da yake koyarwa da inda yake barin ka kai kaɗai

Yaron da aka kai wa ƙauyensu hari, ko yarinyar da wani babba a gida ya lalata, ba sa zuwa su ce suna cikin damuwa. Ƙarar da iyaye ke kawowa ita ce fitsarin kwance ya dawo bayan an daɗe da rabuwa da shi, ga razana cikin barci, ga dukan ƙanne, ga ƙin makaranta, ga ciwon ciki da ciwon kai da an je asibiti ba a ga komai ba. Ma'aikacin jin daɗin jama'a da aka ajiye wa irin wannan yaro a gaba yakan bi ɗayan hanya biyu. Ko ya ce a yi haƙuri, yaro ne zai manta, ko ya zaunar da shi tun ranar farko ya ce ya kwashe labarin kaf. Ta farko tana barin ciwon yana ci ta ciki. Ta biyu tana fama shi alhali ba a tanadi abin ɗaurewa ba. Akwai hanya ta uku da bincike ya gwada, ita ce TF-CBT, kuma darasin intanet mai suna TF-CBT Web shi ne wuri mafi araha da mutum zai fara koyon ta.

TF-CBT jinya ce ta magana, ba ƙwaya ba allura. Tana gyara tunani da ɗabi'a, tana kuma fuskantar ainihin abin da ya firgita yaron maimakon kewaye shi. Masana uku na Amurka ne suka tsara ta, Judith Cohen da Anthony Mannarino da Esther Deblinger, domin yara daga shekara 3 zuwa 18 tare da wani babba mai riƙon su. Yawanci zama 12 zuwa 16 ne, sau ɗaya a mako, in abin ya yi zurfi a kai zama 25. Darasin intanet ɗin kuwa na jami'ar koyon likitanci ce ta jihar Karolina ta Kudu da ke birnin Charleston. An buɗe shi a 2005 kyauta, aka fito da sabon salonsa a 2018 a kan dala 35.

Hukuncinmu a kansa shi ne ya ci kuɗinsa har da riba, amma rabin karatu ne. Wanda ya gama shi ya san taswirar hanya. Bai isa ya tuƙa yaro a kanta ba sai da wanda ya riga shi bi yana duba aikinsa.

Babi 11 ne, an ƙiyasta su awa 11. Kowane babi yana farawa da ɗan gwaji ya ƙare da wani, a tsakiya akwai bayanin dabarar, matakan yin ta, misalin kalmomin da za a faɗa wa yaro da iyaye, bidiyon ƙwararru suna gwada zaman, takardun da za a iya bugawa, da sashen matsalolin da aka saba cin karo da su. Wannan sashe na ƙarshe da bidiyon su ne naman darasin. A bidiyo ne ake ganin abin da rubutu ba ya nunawa: tsawon shirun da mai jinya, wato ma'aikacin da ke yi wa yaron jinyar, ke bari bayan yaro ya faɗi magana mai nauyi, da yadda fuskarsa ba ta canzawa. Awa 11 ɗin kuma lissafin wanda Turanci ya zauna masa ne. Wanda zai tsaya yana juya kowace dabara zuwa Hausa a littafinsa, wanda shi ne ya kamata, ya ware ninkin haka, babi ɗaya a kwana biyu. Da Turanci yake, akwai na Sifaniyanci, babu Hausa. Ana biya da kati, don haka a tabbatar katin yana biyan ƙasashen waje kafin a yi rajista, a kuma nemi wurin da sabis ke da ƙarfi saboda bidiyon. Ya fi daɗin bi a kwamfuta a kan waya. Dabara mai amfani ita ce a yi shi mutum biyu, bayan kowane babi ɗaya ya zama yaro ɗaya ya zama mai jinya, su gwada da baki cikin Hausa. Nan take ake gano jimlolin da ba su shiga bakinmu.

Babban abin da darasin ya ƙware a kai shi ne tsarin gaba da baya. Jinyar kashi uku ce. Kashin farko na kwantar da hankali da koyon dabaru, na biyu na ba da labarin abin da ya faru da warware tunanin da ke maƙale da shi, na uku na haɗa yaro da mai riƙonsa da tanadin gaba. A ƙa'ida kowane kashi yana cin sulusin zaman. Yaron da masifa ta daɗe tana maimaita kanta a kansa, kamar wanda ya yi watanni a hannun masu garkuwa, kashin farko kan cinye rabin lokacinsa. Kowane zama ana raba shi biyu, rabi da yaro shi kaɗai, rabi da babba shi kaɗai, kuma abin da aka koya wa yaro a ranar shi ake koya wa babban.

Akwai wata ƙa'ida da darasin ke nanatawa a kusan kowane babi, ita ce kuma masu farawa suka fi yarwa: a kowane zama, tun na farko, sai an ambaci abin da ya faru da sunansa, kaɗan-kaɗan ana ƙarawa. Ba a cewa "abin nan da ya faru". Ana cewa "harin da aka kai ƙauyenku", ana cewa "ranar da aka harbi Baba". Dalili kuwa gujewa ita ce abincin firgici. Duk lokacin da yaro ya kauce wa tunawa ya ji sauƙi na minti biyar, ƙwaƙwalwarsa tana ƙara yarda cewa tunawar kanta haɗari ce. In mai jinya ma yana kewaye maganar, ya tabbatar wa yaron ke nan cewa abin ya fi ƙarfin a faɗa. Sakamakon wannan kuskure sananne ne: a yi zama shida ana numfashi da zane-zane cikin raha, ranar da aka ce a fara labari yaro ya daina zuwa.

Babin sassauta jiki gajere ne kuma yana shiga wurinmu ba gyara. Yaro ya kwanta ko ya jingina, a ɗora masa ɗan abu mara nauyi a ciki, ya shaƙi iska ta hanci har abin ya tashi, ya fitar a hankali ta baki, fitarwar ta fi shaƙar tsawo. Ga ƙanana, a ce ya sandare kamar ɗanyar taliya sannan ya saki jiki kamar dafaffiya. Minti biyar, sau biyu a rana, lokacin da hankali ke kwance, domin dabarar da ba a saba da ita ba ba ta zuwa a lokacin razana. Abu ɗaya za a kiyaye: kada a tilasta wa yarinyar da aka yi wa fyaɗe kwanciya ko rufe ido. Ta zauna, idonta a buɗe, ƙofa inda take gani.

Babin tarbiyya shi ne wanda muke ganin an fi raina shi, alhali binciken Deblinger tun 1996 ya nuna cewa shigar da uwa cikin jinya ita ke gyara halayyar yaro, shigar da yaron kansa kuma ita ke rage alamomin firgici. Dabarun huɗu ne. Yabo mai suna, nan take, ba tare da jela ba. "Na ga ka kai wa ƙaninka ruwa, Allah ya yi maka albarka" yabo ne. In aka ƙara da "da haka kake kullum da mun huta", an zubar da shi. Sai kau da kai daga ƙananan fitina irin su ƙunƙuni da tura baki, tare da gargaɗin cewa fitinar za ta ƙaru a kwanakin farko kafin ta ragu, kuma uwar da ba a faɗa wa haka ba za ta ce dabarar ƙarya ce ta koma bulala. Sai zaman hukunci, wato a ajiye yaro shi kaɗai na ɗan lokaci, minti ɗaya ga kowace shekarar yaro. Sai takardar lada da ake sa wa alama idan yaro ya yi abu ɗaya tak da aka zaɓa, ba abu biyar ba.

Nan ne kuma darasin ya fara nuna inda aka haife shi. Gidan da yake hangowa gida ne na uwa da uba da yara biyu, kowa da ɗakinsa. A tantin sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri ko Diffa, ko a ɗaki ɗaya na mutum takwas, ina za a ajiye yaro shi kaɗai? Abin da ke aiki shi ne tabarma a gefe inda uwa ke ganin sa, ba a yi masa magana har lokacin ya cika. Kulle yaro a ɗaki, balle mai duhu, ga wanda aka taɓa tsarewa a daji maimaita masa azabar ne. Yabon ma sai an lanƙwasa shi. Uwar da ko sunan ɗan farinta ba ta faɗa saboda kunya ba za ta tsaya gaban kishiyoyi tana yabon sa ba, kuma ba daidai ba ne a ɗauki hakan a matsayin rashin ƙauna. A nemi abin da za ta iya: sa albarka, dafa kai, ƙarin nama a tuwo tare da faɗin dalili a hankali.

Tambayar da ta fi wannan girma ita ce wa za a gayyata a matsayin mai riƙo. Darasin ya yarda cewa ba lallai mahaifi ko mahaifiya ba ne, kowane babba ne da ke kula da yaron kuma ba shi ya cuce shi ba. Amma bai koya maka yadda ake gano shi a gidan gandu ba. Hanya mafi sauƙi a tambayi yaron: in ka farka da dare cikin tsoro, wurin wa kake zuwa? Sau da yawa amsar kaka ce, ko goggo, ko yaya. Wannan ce za ta zauna a zaman. Sai dai a gidajenmu mai zuwa zama daban, mai ba da izini daban. In ba a je an gai da maigida ko baffa an yi masa bayani tun farko ba, a zama na huɗu za a ji an ce Malam ya hana. Ga almajiri kuwa, in ba a samu wani daga gida ba, sai a duba ko matar malam ko uwar ɗakinsa za ta iya tsayawa, bayan an tabbatar ba daga nan cutar ta fito ba. Wanda ya yi cutar ba ya shiga wannan jinya ko kaɗan, ko da shi ne uba.

Babin sanin motsin zuciya yana so yaro ya iya kiran abin da yake ji da suna, ya kuma auna ƙarfinsa daga 0 zuwa 10. Jerin kalmomin Turanci da hotunan fuskokin da ke cikin takardun ba su da amfani a nan sai an sake su. Hausa ba ta rasa kalmomi ba: tsoro daban, fargaba daban, faɗuwar gaba, zullumi, razana, takaici, haushi, ƙuncin zuciya, baƙin ciki, kewa. Yaro yakan fara da jiki, ya ce gabana na faɗuwa, ƙirjina ya yi nauyi, kaina na juyawa, kuma daga nan ya kamata a kama. Ma'aunin lamba ma ga wanda bai shiga aji ba, a ɗauko kofi biyar, ɗaya babu ruwa, ɗaya a cike, sauran a tsakani, ya nuna wanda ya yi daidai da tsoronsa yau.

Sai zuciyar darasin, babi biyu na labarin abin da ya faru. Su kaɗai sun isa dalilin biyan kuɗin. Ana haɗa wa yaro littafinsa, shi ke faɗa mai jinya na rubutawa da kalmomin yaron, ba gyara ba ado. Babin farko na littafin game da shi kansa ne, sunansa, garinsu, abincin da yake so. Na biyu yadda rayuwa take kafin abin. Sannan a shiga abin da ya faru, a fara da ɓangaren da ya fi sauƙi, yaron ne ke zaɓa. A kowane zama ana karanta abin da aka rubuta tun daga farko kafin a ƙara. Zagayen farko abin da ya faru kawai. Zagaye na biyu a tsaya a kowace gaɓa a tambaya, a nan me ka ji a jikinka, me ya zo maka a rai? Sannan a tambayi wurin da ya fi kowanne muni, wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba. Babin ƙarshe abin da ya koya da shawarar da zai ba yaron da irin haka ta same shi. Wanda ba ya son littafi ya yi zane, ko waƙa, ko ya yi kamar ana hira da shi a rediyo.

Abin da ke sa wannan aiki ba sihiri ba ne. Maimaitawa a wuri mai aminci tana raba tunawa da razana, har yaro ya iya tuna ranar ba tare da jikinsa ya ɗauka yau ce ba. Ana auna tsoro a farko da tsakiya da ƙarshen zama. In ya haura 7 ko 8 a tsaya a yi numfashi, amma a koma labarin kafin a tashi, ko da jimla ɗaya ce, don kada yaro ya tafi da darasin cewa gudu ne ya cece shi. A bar minti goma na ƙarshe don wasa. Kada a fara sabon babi mai nauyi ana saura minti biyar, ko ana gobe hutun Salla da za a yi mako uku ba a haɗu ba. Kada kuma a cusa wa yaro magana a baki. "Sai me ya faru?" tambaya ce. "Ya taɓa ki a nan, ko?" ba tambaya ba ce, kuma tana iya rusa shari'a in maganar ta je kotu.

Wani binciken Deblinger da abokan aikinta na 2011, a kan yara 210 masu shekara 4 zuwa 11, ya gwada jinyar da labari da kuma babu labari. Zama 8 mai ɗauke da labari ya fi rage tsoron yara da damuwar iyaye, zama 16 babu labari ya fi gyara tarbiyya da rashin ji. Ma'anarsa a aikace ita ce a duba abin da ya fi damun yaron. Mai mafarki da razana yana buƙatar labarin. Wanda matsalarsa faɗa da gudu daga gida ce, a ba babin tarbiyya lokaci mai yawa.

A cikin labarin ne tunanin da ke cin yaro ke fitowa. "Da ban fita ɗebo ruwa ba da ba su ga gidanmu ba." "Ni na karɓi alawarsa." "Na lalace, ba mai aure na." Kuskuren mai tausayi shi ne ya yi caraf ya ce ba laifinki ba ne. Yarinyar za ta gyaɗa kai ta tafi da tunaninta. Darasin yana koyar da tambaya maimakon huɗuba: shekarunki nawa a lokacin, shi fa? Kin san abin da zai yi lokacin da ya miƙo alawar? Da ƙawarki ce ta faɗa miki haka, me za ki ce mata? Yana kuma raba laifi da nadama, abin da Hausa ta riga ta yi da ta ce da-na-sani ƙeya ce. Mutum na iya cewa da ma ban fita ba, ba tare da ya zama shi ya kashe ba.

Maganar addini darasin ya taɓa ta sama-sama a sashen al'adu, alhali a wurinmu ita ce tsakiyar zance. Imani da ƙaddara yana sauke wa yaro kayan da ba nasa ba, yana kuma zama murfin da ake toshe masa baki da shi. In kaka ta ce "Malama, ai mun bar wa Allah, tone-tonen me za a yi?", ba a musu da ita. A tuna mata Annabi Yaƙub, wanda ya yi kukan ɗansa har idanunsa suka yi fari kuma ba a cire shi daga masu haƙuri ba. Haƙuri ba shiru ba ne. Iyalin da suka ɗauki razanar dare a matsayin shafar aljanu suna zuwa ruƙiyya, ba a hana su addu'a da tofi, a dai ja layi a kan duka, ɗauri da hayaƙi. Iyalin Kirista ma a tambaye su abin da ke ƙarfafa su a yi aiki da shi.

Kafin yaro ya karanta wa mai riƙonsa littafin, sai an karanta wa babban shi kaɗai, babi-babi, a zaman da yaron ba ya nan, da sanin yaron. Ta yi kukanta a can, ta yi fushinta a can, a gwada da ita abin da za ta faɗa. In har ranar ta zo tana cewa "me ya kai ki ɗakinsa?", ba a yin zaman haɗin gwiwa na labari. Gara a fasa da yarinya ta buɗe cikinta a tare ta da zargi. Wannan gargaɗi yana cikin darasin a fili, kuma yana daga cikin wuraren da ya fi nuna hankali.

Babin fuskantar abin tsoro a zahiri ba kowane yaro ke buƙatar sa ba, sai wanda ke gudun abin da ba shi da haɗari yanzu. Misali yaron da 'yan bindiga suka zo musu a kan babura, yanzu yana cikin gari amma ƙarar babur tana sa shi shiga ƙarƙashin gado. A gina masa tsani: hoton babur, ƙararsa a waya a hankali, tsayawa nesa da babur a kashe, taɓa shi, a tayar yana kallo daga ƙofa, har ya hau bayan kawunsa. A tsaya a kowane mataki sai tsoro ya sauko kamar rabi. In mai riƙo ba zai iya kai tsanin ƙarshe ba kada a fara, domin tsayawa a tsakiya ƙara tsoron yake. In kuwa har yanzu baburan suna shigowa ƙauyen, tsoron yaron gaskiya ne, ba ciwo ba ne, ba a kuma jinyar gaskiya.

Wannan shi ne babban gibin darasin ga mai aiki a Zamfara, Katsina, Sakkwato ko Borno. An gina shi bisa zaton masifa ta wuce. Ya ce idan haɗari na ci gaba a dawo da babin tsaro farko, amma bayanin bai kai girman matsalar ba. A aikace, zaman farko-farko za su tafi a kan tsari na zahiri: in an ji harbi ina za a bi, wa zai ɗauki wa, ina za a haɗu in an rabu, wane babba yaro zai gaya wa in wani ya taɓa shi, kuma in na farko bai yarda ba wa ke biye. A koya masa bambanta abin da ke tuna masa da haɗari da haɗarin kansa. Idan mai cutar yana kwana gida ɗaya da yarinyar, aikin farko raba su ne, ba littafi ba. Idan fyaɗen sabo ne, asibiti kafin komai: maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki cikin awa 120. Cibiyoyi irin su Waraka a Kano, Salama a Kaduna da Nana Khadija a Sakkwato don haka aka kafa su. Dokokin kai rahoto da darasin ke nufi na Amurka ne. Mai aiki a Najeriya ya san Dokar 'Yancin Yara ta 2003 da dokar kare yara ta jiharsa, ya kuma faɗa wa yaro tun zaman farko cewa sirrinsa a rufe yake sai in ransa ko na wani na cikin haɗari.

Ko hanyar tana aiki a Afirka? An gwada. A Lusaka ta Zambiya, binciken Laura Murray da abokanta na 2015 ya ɗauki yara 257 masu shekara 5 zuwa 18. Alamomin firgici sun ragu da kusan kashi 82 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa TF-CBT, kashi 21 ga waɗanda suka samu kulawar da aka saba, kuma masu jinyar ba likitoci ba ne. A gabashin Kwango a 2013 an yi ta rukuni-rukuni, zama 15, da 'yan mata 52 da yaƙi da fyaɗe suka shafa, da kuma samari 50 waɗanda yawancinsu an taɓa sa su ɗaukar bindiga, duka an ga sauƙi ƙwarai, sai dai an kwatanta su ne da yaran da ke jiran layi, waɗanda ba a fara yi wa jinya ba. A Kenya da Tanzaniya, binciken Shannon Dorsey na 2020 da marayu 640 ya ga amfani a wurare uku cikin huɗu, a karkarar Tanzaniya ba a ga bambanci ba. Abin lura a nan shi ne babu ɗaya daga cikinsu da aka yi da kallon bidiyo kawai. Horo aka yi ido da ido, aka juya kayan aikin zuwa harshen wurin, aka kuma riƙa duba aikin masu jinya a kai a kai.

Su ma masu darasin ba su ɓoye wannan ba. Sun ce don masu digiri na biyu a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa ko ɗalibansa aka yi shi, kuma takardar da ake bugawa a ƙarshe shaidar kammala karatu ce, ba lasisin jinya ba. Cikakkiyar shaidar ƙwarewa a Amurka tana buƙatar ƙarin horon kwana 2, watanni na tuntuɓar mai dubawa, kammala jinyar yara 3 da cin jarrabawa. Muna faɗin haka da ƙarfi saboda buƙata a nan tana da yawa har tana tura mutane gaggawa. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2014 ya gano yara 6 cikin 10 a Najeriya sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin shekara 18, mace 1 cikin 4 da namiji 1 cikin 10 kuma ta hanyar lalata. Ga masu jinya 'yan ƙalilan. Duk da haka buɗe labarin yaro a bar shi a tsakiya ya fi rashin farawa muni.

Saboda haka masanin halayyar ɗan'adam, ma'aikacin jin daɗin jama'a, nas ɗin ƙwaƙwalwa da ɗalibin waɗannan fannoni su saya, su kuma nemi mai dubawa kafin yaron farko, ko a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri, Kaduna da Kware, ko a sashen koyarwa na jami'a, awa ɗaya a mako ko ta waya ce. Malamin makaranta da ɗan agajin sansani za su amfana da babin yi wa yaro da iyaye bayanin firgici, tarbiyya, numfashi da motsin zuciya, su tsaya nan, labarin su miƙa wa wanda aka horar. Ƙungiyar da za ta saya wa ma'aikata goma ta fara ware kuɗin mai dubawa, ta kuma taƙaita yawan labaran da mutum ɗaya ke ji a rana, domin mai sauraro ma yana kwasar rabonsa ya kai gida.

Darasin bai ba aunawa fili mai yawa ba, alhali ba a farawa sai da ita. Ga yaro mai shekara 8 zuwa sama akwai ma'aunin CRIES-8, kyauta ne, tambaya 8, kowace amsa tana da maki 0, 1, 3 ko 5, kuma jimlar 17 zuwa sama alama ce ta a duba yaron sosai. In za a juya shi Hausa, mutum ɗaya ya fassara, wani da bai ga asalin ba ya mayar, a gwada da yara kaɗan a ji yadda suka fahimta. A auna a farko, a tsakiya, a ƙarshe. A watan farko bayan masifa yawancin yara suna farfaɗowa da kulawar gida, abinci, barci da komawa makaranta, don haka ba a gaggauta musu jinya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hani da tara mutane a zama ɗaya a sa su amayar da abin da suka gani, ta kuma yi hani da ba yara ƙwayoyin barci irin su diyazafam saboda firgici. Yaron da ke maganar kashe kansa, ko ya nutse a tiramol da sholisho, ko yake jin muryoyi, likita zai fara gani.

Littafin yaron kuma ba ya bin sa gida yana tsakiyar rubutuwa. A ajiye shi a akwati mai makulli, a sa lamba a bango maimakon suna, kada a ɗauki hotonsa a waya, kada a tura wa mai dubawa ta WhatsApp da sunan gari ko na mutum a ciki. Ranar zaman ƙarshe a tambayi yaron abin da yake so a yi da shi, a kuma tambaye shi wa zai iya gani in ya kai shi ɗakinsu.